Ranar da Saude Mai Raguna Ta Toshe Lambar Mushe Baƙo

Duk wanda ya sauka a tashar Dogarawa ya tambayi gidan Saude, abin da za a fara ce masa shi ne, "Wace Saude? Mai raguna?" In ya ce ita, sai a nuna masa lungun bayan masallaci, a ce ya bi kukan tumaki, ba zai ɓata ba. Gajeriyar mace ce kakkaura, mai saurin dariya da saurin fushi, kuma babu wanda ke daɗewa a fuskarta cikin biyun.

A Alela aka haife ta, kuma kakarta Gimbiya ce ta riƙe ta tun daga yaye. Tun kafin Saude ta yi wayo idanun tsohuwar suka tafi, amma duk da haka babu mai sayen tunkiya a unguwar bai jawo ta gaban Gimbiya ba. Sai ta dafa gadon bayan dabbar, ta matsa gindin wutsiya, ta bi haƙarƙari da tafin hannu, ta sa yatsa a baki ta lalubi haƙora. Daga nan ta goge hannu a zane ta ce, "Wanga ruwa anka ɗura mishi, ba kitse ba na." Mai rago ya yi ta rantse-rantse, washegari cikin rago ya sace, magana ta fito. Saude tana tsugune a gefe tana kallo, in tsohuwa ta ɗauke hannu ita ma ta ɗora nata. Ba ta taɓa zama a lakwal ba, wannan ce makarantar da ta yi, kuma ta yi ta da kyau.

Da aka kawo ta Dogarawa gidan Wakili, direban taksi mai zirga-zirga tsakanin Dogarawa da Malbaza da Konni, cikin kayanta har da tunkiya guda da kakar ta ba ta. Daga tunkiyar nan komai ya fito. Saude ta riƙa ware 'yan raguna tana ɗaure su a turke, tana ba su harawar wake da dusar hatsi da ɗan ruwan kanwa, sai Layya ta matso ta sayar. Wakili mutum ne mai barkwanci, kullum yana faɗa wa abokansa a tasha cewa a gidansa sai rago ya yi gyatsa sannan ake tunawa da direba. Amma shi ne mai cika bayan mota da harawa in ya dawo daga ƙauye, ba tare da an roƙe shi ba.

A shekarar 2006 ya sayo mata salula ta hannu a kasuwar Konni. A lokacin rezo, wato sabis ɗin waya, bai gama sanin Dogarawa ba. A duk faɗin gidan wuri ɗaya kawai yake kamawa, nan gindin rumbu, shi ma sai an ɗan yi sama. Saude ta kife tsohon turmi a wurin, shi ya zama buronta, wato ofishinta. In waya ta yi ƙara sai ka ga ta yar da abin da ke hannunta, ta tattare zane, ta ɗare kan turmi tana "Alo! Alo!" har maƙwabta su ji. Ma'aikatan kamfanin siminti na Malbaza da 'yan kasuwar Konni, waɗanda ba su da lokacin zuwa kara, kasuwar dabbobi, su wuni cikin rana suna ciniki, suka fara kiranta. Ta siffanta musu rago daga ƙaho har kofato, ba ta ƙarawa ba ta ragewa, in akwai tabo ta faɗa tun kafin a tambaya. In an daidaita, Wakili ya sa rago a bayan mota ya kai har ƙofar gida. Ba ta da shago, ba ta da allo a bakin hanya. Abin da take da shi kawai shi ne maganar da mutane ke yi a kanta, cewa abin da Saude ta faɗa a waya shi za ka gani a ƙofar gidanka.

Ana nan lafiya lau sai ga Mushe Baƙo, wata guda kafin Layyar 2008. Mushen nan laƙabin ma'aikata ne da aka aro daga Faransanci, kamar a ce Malam. Tsohon ma'aikaci ne a Malbaza, shekara talatin yana awon manyan motocin siminti a kan sikeli kafin ya yi ritaya, kuma har ya bar aikin bai yarda da abin da bai auna da kansa ba. Ba ya kira, sai dai bip. Wato ya bari waya ta yi ƙara sau ɗaya ya kashe, don ita ta kira shi da katinta. Ta kira, ta siffanta masa wani rago uda mai kyau tsaf. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Na ji taki. Yanzu ba ni ragon in ji tashi."

Saude ta ɗauka wasa yake yi. Ashe da gaske ne. Tunda rezo ba ya zuwa turke, dole rago ya zo wurin rezo. Wakili ya jawo uda har gindin rumbu, Saude tana kan turmi ta sunkuyo da waya, ɗaya hannun tana nuna wa rago ƙwaryar dusa tana janyewa, har haushi ya kama shi ya saki kuka. Matan maƙwabta suka leƙo ta katanga suna riƙe ciki don dariya. Mushe Baƙo ya gama saurare, ya ce, "Wagga muryar kamar ta mai mura. Amma a kawo shi."

Aka kai, bayan kwana ɗaya ya dawo da shi, wai an ce masa rabinsa baƙi ne rabinsa fari. To, don Allah, wane uda ne a duniya ba haka yake ba? Kuma ta faɗa masa tun a waya, sau biyu ma. Aka kai na biyu, shi ma ya dawo, wai wani ya ce ƙahonsa na hagu ya fi na dama lanƙwasa. Tsakanin wannan da wancan kuwa bip ba ya yankewa, tana tuƙin tuwo bip, tana wanka bip, tana sallame salla bip.

"Ke Saude, wanga tsoho zai tsuhe da mu," in ji Wakili. "Ƙasimu mai cajin waya ya ce wagga salula taki tana toshe lamba. Minti guda, kin huta, ni ma motata ta huta."

Saude ta ƙi. Ita a ganinta mai ƙorafi mai saye ne da bai gama yanke shawara ba, kuma in ta fara toshe duk wanda ya ba ta haushi, wata rana daga ita sai turmi za a bari. Ta sha ganin mutumin da ya fi kowa tsegumi ya zama shi ne mai dawowa kowace shekara. Ta ce wa mijin, "Maigida, bar shi. Ciniki mai tsawo ba zagi ba na. Bip kuma kati ɗai shika ci, ba ya cin mutunci."

Sai ta yanke shawarar rufe bakin tsohon gaba ɗaya. Akwai wani farin rago balami a turkenta wanda uwarsa ta ƙi shi tun ranar haihuwa, ita ta raine shi da nonon akuya har ya tashi. Ya girma ya yi ƙirji, yana tafiya yana taƙama kamar wanda aka naɗa wa rawani, shi ya sa ta sa masa suna Takama. Shi ne abin alfaharinta na wannan shekara. Aka jawo shi gindin rumbu, ko ƙwaryar dusa ba a nuna masa ba ya saki wata murya mai kauri da ta sa kaji suka watse. Mushe Baƙo bai ce mura ba wannan karon. Ya ce a kawo maza. Saura kwana goma sha biyu Salla Wakili ya sauke Takama a ƙofar gidansa, lafiyayye, yana taka ƙafafunsa huɗu.

Kwana biyu bayan nan, da tsakar rana, wata babbar motar siminti ta tsaya a bakin kwalta aka sauke rago daga kan buhuna. Kunyar sake kiran Wakili ce ta sa tsohon ya ba baƙon direba. Da aka kwance Takama sai ya miƙe yana ɗingishi. Igiya ta naɗe masa ƙafar gaba ta dama tun a gidan Mushe Baƙo, ta ci fata har ta yi jini, bakinsa kuma ya bushe da ƙishirwa. Ko yaro ya san gurgun rago ba ya yin layya. Da yamma Wakili ya dawo daga Malbaza fuska ba walwala, ya ce tsohon ya zauna a tasha yana faɗa wa duk mai kunne cewa Saude ta siffanta masa lafiyayye ta aiko masa da gurgu.

Wannan ta yi mata ciwo fiye da yadda zan iya faɗa. Kwana biyu cur wayar da ta saba hana ta zama ba ta yi ƙara ba, alhali ga raguna bakwai a turke suna jiran masu saye, ga Salla tana matsowa. Sunan da ta shekara biyu tana ginawa a kan turmi, tsoho ɗaya ya zauna a benci yana rushe shi da baki. A rana ta uku da hantsi tana tsugune tana wanke wa Takama ƙafa da ruwan ɗumi da gishiri, hawayen takaici na zubo mata, sai waya ta yi ƙara sau ɗaya ta yanke. Ba ta iya karatu ba, amma ta san lambar nan kamar yadda ta san ƙofar ɗakinta. Ta gama wankin, ta shafa man kaɗe, ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Sannan ta yafa mayafi ta nufi tasha da kanta.

"Ƙasimu, toshe min wagga lamba."

Mai cajin ya dube ta yana murmushi. "Inna Saude, ashe an kai wurin?"

"An kai. Na haƙura da bip, na haƙura da rago ya tahi ya komo. Amma wanda ya bar dabba da ƙishirwa, ya koma ya ɗora min ƙarya, ba shi da sauran magana da ni ta waya."

Ni dai ina bayanta a kan wannan. Ta yi haƙurin da ya dace, kuma ta tsaya a inda ya dace.

Washegari wata baƙuwar lamba ta kira, kira na gaske mai tsawo. Ta hau turmi da murna, sai ta ji muryar da ta sani. "Alo, Saude, ni na, Baƙo. Wai an ce kin..."

"Mushe, in kana da magana, Dogarawa tana nan inda ka san ta." Ta kashe.

Ba ta sauko ba lambar ta sake kira. Wannan karon wani ne daban, ya ce sunansa Liman, tela ne a Malbaza, wayarsa ce tsohon ya ara. "Hajiya, wai ke ce mai ragon da Mushe ya hana mu sakat a kanshi? Jiya ya ce gurgu na, yau ya ce ya zagaye kara dut bai ji mai murya irin tashi ba. Mi ne gaskiyar zance?"

Saude ta faɗa masa gaskiyar zance. Ta ce ragon yana da ciwo a ƙafar gaba ta dama, igiya ce ta yi shi, yana warkewa, kuma ba za ta sayar wa kowa shi ba sai ya taka daidai. Ta ce amma akwai wasu, ta siffanta masa udan nan da aka fara dawowa da shi, har da rabin baƙi da rabin fari. Tela ya yi dariya ya ce a kawo masa shi gobe.

Haka abin ya ci gaba, kuma babu wanda ya tsara shi. Mushe Baƙo ya bi Malbaza yana aron waya, ta mahauci, ta mai shayi, ta wani jandarma, ta direbobin siminti. Kafin kowa ya ba shi aro sai ya tambayi dalili, shi kuma don ya nuna maganar babba ce sai ya kama yabon Takama. Saude tana jin muryarsa ta maimaita masa cewa Dogarawa tana nan, ta kashe. Lambarta kuwa ta zauna a cikin wayar da aka ara, mai wayar ya kira don jin ƙwaƙwaf, ya ƙare da sayen rago. Wasu ma har cewa suke a ba su su ji kukan, abin ya zama yayi. Wakili ya gaji da jan raguna zuwa gindin rumbu, amma bakinsa har kunne. Cikin kwana uku turke ya zama wayam, sai Takama kaɗai yana cin harawa, tsumman ƙafarsa ma an kwance.

Saura kwana uku Salla, da safe, Wakili ya yi sallama ya ce yana tare da baƙo. Wani dogon tsoho siriri ya shigo cikin babbar riga mai sitaci, yana taka ƙasa a hankali. Saude tana tsaye a bakin turke, amma rumbu ya fuskanta ya yi gaisuwa. Da ta amsa sai ya juyo, kuma kunnensa ne ya fara juyowa kafin fuskarsa. Ya gyara murya irin ta manyan ma'aikata, ya nufi wani farin buhun dusa da ke jingine a katanga, ya tsaya a kansa ya ce, "To, ga shi nan. Ai ko ya rame."

Dariya ta taso wa Wakili, Saude ta watsa masa harara ya haɗiye ta. Ita kam ba abin dariya ta gani ba. Wannan juyin kunne ta san shi, da shi ta girma a ɗakin Gimbiya. Nan take ta gane dalilin sauraron kukan rago a waya, da dalilin da ya sa kullum "an ce" yake faɗa, bai taɓa cewa "na gani" ba. Ta gane kuma yadda igiya za ta ci ƙafar dabba kwana biyu a tsakar gidan mutum bai sani ba.

Ta shimfiɗa masa tabarma, ta ce a hankali, "Baba, tun yaushe?"

Tsohon ya lalubi tabarmar ya zauna. Sannan ya ce, "Shekara biyu, ɗiyata. Hazo ɗai nika gani. Ni da na shekara talatin ina karanta allurar sikeli, ƙaƙa zan ce ma mutane ba ni bambanta rago da buhu? Kowa ya shigo gidana ya hwaɗi aibi ya tahi, ni ko ba ni da idon da zan ƙaryata shi."

Tausayinsa ya kama ta sosai, amma Saude ba mai barin magana a rufe ba ce. Ta ce, "Ido ba laihinka ba na, Baba, na Allah na. Amma bakin da ka kai tasha naka na. Da ka hwaɗa min tun hwarko, da ba mu wahal da raguna uku da maigidana ba. Yanzu tashi ka ba shi ruwa da hannunka, don kai ka bar shi da ƙishirwa."

Ya tashi ba musu. Wakili ya miƙa masa kwano, ya kai shi gaban Takama, tsoho ya tsuguna da rigarsa mai sitaci yana riƙe da kwano har rago ya sha ya ɗaga kai. Daga nan Saude ta ce wa mijinta ya kama hannun Baba ya ɗora a gadon bayan ragon. Ita tana tsaye tana faɗa masa abin da kakarta ke yi. Ya danna nan, in ya ji ƙashi ya tsaya masa a tafi to rago bai ƙoshi ba. Ya matsa gindin wutsiya. Ya bi haƙarƙari. Ya sa yatsa ya lalubi haƙora. Hannun tsohon ya riƙa bin jikin dabbar kamar mai aikin da ya daɗe da sani. Da kansa ya gangara ƙafar gaba ya tarar da tabon, ya tsaya a kansa ya ce, "Astagfirullah. Ni na yi wanga."

"Ya warke," in ji Saude. "Amma kada ka yarda da tawa. Maigida, ja shi bisa daɓe."

Wakili ya ja Takama ya bi daɓen ƙofar ɗaki da shi, ya je ya dawo. Gidan ya yi tsit, sai ƙarar kofato. Mushe Baƙo ya karkata kai yana saurare, leɓunansa na motsi. Sai fuskarsa ta washe, ya ɗaga yatsa kamar yana gaban sikelinsa na da. "Huɗu cif! Babu wadda ta hi wata nauyi!"

Matan da ke leƙe ta katanga suka rangaɗa guɗa. Ciniki bai ɗauki lokacin shan ruwa ba, Saude ta ce ta sallama, amma da sharaɗin ya koma bencin da ya zauna ya ɓata mata suna ya gyara shi a nan. Wakili ya ba da labari cewa tun kafin mota ta gama tsayawa a tashar Malbaza tsohon ya fara, yana riƙe da igiyar Takama, ya faɗi laifinsa, ya faɗi na idonsa ma bai ɓoye ba. Har wani mai rago ya matso, Mushe ya dafa bayan dabbar ya ce ruwa aka ɗura mata. Saude ta yi dariya har da hawaye, don ba ta tuna lokacin da ta koya masa wannan ba.

Washegarin Salla, ranar rabon nama, Wakili ya shigo da ƙunshi daga gidan Mushe Baƙo a Malbaza. Ta buɗe ta ga gasasshiyar ƙafar gaba ce, ta dama. Ta daɗe tana kallonta. Bayan azahar ta yafa mayafi ta je wurin Ƙasimu ta ce ya buɗe lambar nan.

Tana dawowa gida, ko mayafin ba ta cire ba, waya ta yi ƙara. Ta duba, lambar ce. Ta tsaya da ita a hannu, ta yi ƙara ta biyu, ta yi ta uku, ba ta yanke ba. Saude ta tattare zane ta hau turmi.

"Alo, Baba! Barka da Salla. Kashe in kira ka, kada katinka ya ƙare."

"Bar shi ya ƙare, ɗiyata," in ji Mushe Baƙo. "Naman ya iso?"